Alƙalami, Tawada da Kunya: Zanen Masoya a Littattafan Soyayya na Kano

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin manazarta zuwa ga wani fanni da aka daɗe ana tsallakewa a nazarin ƙagaggun labarai, wato zanen saurayi da budurwa da alƙalami da tawada, ko na bangon littafi, ko wanda makaranci kan yi wa kansa a littafin rubutunsa idan labari ya ratsa shi.

Tawada ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Almajiri kan haɗa ta da gawayi da ƙaro, ya feƙe alƙalaminsa, ranar sauka kuma a yi wa allonsa zayyana. Sai dai zayyana ba ta ɗaukar surar mai rai. Zanen mutum a cikin littafin hira ta hanyar boko ya yaɗu, musamman a littattafan Zariya irin su Magana Jari Ce, inda sarakuna da fadawa da aku suka fi yawa.

Labarin soyayya ne ya kawo wa mai zane sabon aiki. Kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, daga baya kuma marubutan Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, kamar Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu (1987) da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991). Hoto mai launi tsada gare shi, zanen baƙar tawada kuwa ko ƙaramar maɗaba'a tana iya fitar da shi. A unguwanni irin su Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi, kamar sauran sassan birnin, littafi ɗaya kan zaga hannaye da yawa ta aro ko haya, bangonsa ya zama abin kwaikwayo ga duk ɗalibin da hannunsa ya faɗa da zane.

Matsala ta farko ita ce kunya. Mai zane a Turai yana iya nuna so da runguma, mai zanen Kano kuwa ya san littafin zai shiga gidan da iyaye suke. Saboda haka dole ya ɗora ma'ana a kan wasu abubuwa: tazarar da ke tsakanin masoyan, sunkuyar da kan budurwa, yadda ta kama bakin mayafi, saurayi tsaye a ƙofar zaure, wani lokaci da mota a gefe don a gane mai kuɗi ne. Alal misali, wanda zai zana Sumayya da Muhammad na littafin Gidan Dabino, ita 'yar masu hali shi talaka, yana iya faɗin rabin labarin da bambancin tufafinsu kawai. A ganina, farin filin nan da aka bari tsakanin mutum biyu shi ne jigon zanen.

Matsala ta biyu daga tawadar kanta take. Marubuci kan ce budurwa tana da dara-daran idanu da dogon hanci da wushirya, duk waɗannan layi ɗaya ko biyu ya ishe su. Amma baƙar fata ko wankan tarwaɗa sai an jera siraran layuka kusa da kusa, waɗanda kan cakuɗe su zama dabbare a bugu mai araha. Mafi sauƙi shi ne a bar fuska fari fat, launin takarda. Ana yawan jingina farar budurwar bangon littafi ga finafinan Indiya, waɗanda Brian Larkin ya tattauna alaƙarsu da waɗannan littattafai a 1997. Tasirin yana nan, ba musu, amma ya kamata a ba takarda da injin bugu nasu kason.

Da finafinan Hausa suka bunƙasa bayan 1990, hoton kyamara da aikin kwamfuta suka ture zanen hannu daga bango. Canjin ya taɓa makaranci shi ma. A da, ɗalibai goma kan iya zana Sumayya goma, kowa da wadda ya gani a zuciyarsa, amma da zarar an mai da labari fim, fuskar 'yar wasan ce yawancinsu za su kwafa.