Ba Na'urar Numfashi Ke Kisa Ba, Jinkiri Ne

Daga Damana har cikin Filinge, akan ji mutane na cewa duk wanda aka sa wa na'urar numfashi, a fara haƙa kabarinsa. Jama'a, wannan magana ta jawo asarar rayuka, don ita ke sa a ɓoye majinyaci a ɗaki har sai ya galabaita.

Na'urar kamar zugazugin maƙeri take: tana tura iska cikin huhu idan ƙirji ya gaji. Ba ta warkar da cuta. Tallafa wa numfashi take yi har magani ya ci. A 1952, da shan inna ya ɓarke a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, ɗaliban likitanci ne suka yi ta matsa jakar iska da hannu dare da rana, suka ceci marasa lafiya masu yawa.

Na'urorin yau sun wuce nan. Idan mutum ya kasa gaba ɗaya, na'ura ke yin numfashin duka ta bututun da aka zura a maƙogwaro. Idan yana da sauran ƙarfi, sai ta jira ya fara jan iska, ta ƙara masa. Wani kuwa abin rufe hanci da baki ya ishe shi. Yana samun sauƙi ana rage taimakon, har a yaye shi. Barcin da kuke gani an sa shi, magani ne don kada bututun ya wahalar da shi.

Irin wannan kulawa sai manyan asibitoci kamar na Yamai, kuma daga Filinge tafiyar kusan kilomita 180 ce. Saboda haka kada a jira. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin 40 ko fiye, a kai shi likita. Haka in ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya kasa shan nono. Wanda gamsheƙa ta sara, ko ya sha maganin ƙwari, ko haƙoransa suka sarƙe bayan rauni, a garzaya da shi.

In likita ya ce a wuce Yamai, a kama hanya tun majinyaci na da sauran ƙarfi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.