Ƙurar Funfuna a Cikin Iska: Abin da Ya Haɗa Gona da Birni

'Yan'uwa manoma, kowa a cikinmu ya san burtuntuna. In ka bugi zangarniyar dawa wadda ta kama, sai baƙin gari ya tashi. Wannan gari shi ne irin cutar. Haka kuma funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko damshin bango, ko ruɓaɓɓiyar ciyawa, kowace tana da irin da ta ke saki a iska. Ƙwayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, yawancinsu sai a jera kamar ɗari kafin su cika milimita ɗaya.

Dukanmu muna shaƙarsu kullum, ba su yi mana kome. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da su. Da sun shaƙa sai atishawa, da majina, da ƙaiƙayin ido. Mai ciwon fuka kuwa, watau asma, ƙirjinsa ya kan ɗaure har numfashi ya gagara.

Yawan ƙurar nan a iska ba ɗaya ba ne kowace rana. Yanayi ne ke sarrafa ta. Waɗansu iri busassu ne, sun fi tashi da tsakar rana in akwai zafi da iska, musamman da kaka, lokacin girbi da sussuka da shiƙa. Waɗansu kuwa sai da laima su ke fita, watau da dare, da asuba sa'ad da raɓa ta sauka, ko bayan ruwa. Ruwa mai daɗewa ya kan wanke iska, amma kwanaki kaɗan bayansa funfuna sai ta ƙara yaɗuwa.

Lokaci mafi hatsari shi ne sa'ad da hadari ya taso. Iskar da ke gabansa ta kan kwashi ƙurar daga gonaki, ta yi nisa da ita, sa'an nan ta sauko da ita inda mutane ke numfashi. A watan Yuli na 1983 an yi ruwa da tsawa a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, sai masu fuka suka yi ta zuwa asibiti fiye da yadda aka saba. Likitocin da suka bincika sun ga ashe a daidai lokacin iska ta cika da irin wata funfuna wadda ke kama ganyen alkama da sha'ir. Ga shi kuwa mutanen birni ne suka kwanta.

Wannan ya shafe mu, domin 'ya'yanmu da yawa suna Kano da Kaduna da Jos, suna kwana a ɗakunan haya masu yoyo, marasa taga, kusa da juji da kwata. A watan Agusta har takalmi ya kan yi funfuna a ɗaki. Ga hayaƙin motoci yana ƙara wa ƙirji wahala. Hatsinmu ma can ya ke zuwa. Buhun da muka ɗinke da sauran danshi, ɗan dakon da zai juye shi a kasuwa shi zai shaƙi ƙurarsa.

To, ga abin da ya kamata kowace ƙungiya ta yi:

1. A garwaya iri da magani kafin shuka. A cire zangarkun da burtuntuna ta kama, a ƙone su kafin sussuka.
2. Kada a zuba hatsi ko gyaɗa a rumbu ko buhu sai sun bushe sarai.
3. Mai shiƙa ya tsaya iska na bayansa, ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Kada a sa mai fuka shiƙa ko sharar rumbu.
4. A toshe yoyo tun kafin damina, a riƙa shanya tabarmi da katifa a rana.
5. In hadari ya haɗu, mai fuka ya shiga ɗaki, ya rufe taga, maganinsa na shaƙa yana kusa.

In kuwa numfashi ya tsananta har mutum ya kasa gama magana, kada a jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan da nan. Sakatarori, ku karanta wa membobi wannan a taro mai zuwa, ku kuma aika wa naku da ke birni.