Kafin Bizar Birtaniya Ta Fito: Hattara da Cinikin Biri a Sama

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya shigo mini gida fuskarsa cike da fara'a. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, Allah ya yanke mini wahala. Ga takardata ta fito."

Na karɓa na duba. Hoton wata takarda ce da Turanci, ga tambari a sama, ga sunansa da lambar fasfonsa. Wani dillali da suka haɗu a WhatsApp ne ya ce ya samo masa aikin kula da tsofaffi a Birtaniya. Abin da ya rage kawai a biya rabin kuɗin cikin kwana uku, in ba haka ba a bai wa wani gurbin. Kuɗin kuwa miliyoyin naira ne. Har ya riga ya shawo kan mahaifiyarsa a sayar da filin da mahaifinsu ya bari, kuma takardar ajiye aikinsa na asibiti tana ninke a aljihun rigarsa.

Na ce, "Mene ne sunan kamfanin da ya ɗauke ka?"

Ya ce dillalin ya ce sai an biya za a faɗa.

"Wa ya yi maka intabiyu?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce masa ya ajiye wayar mu yi magana, domin ƙofar da ake shirin sayar masa da makullinta gwamnatin Birtaniya ta rufe ta tun ranar 22 ga Yulin 2025.

Ba ɗan yayata kaɗai ba ne. A Kano da Kaduna da Jos da Abuja, da wuya ka zauna a majalisar matasa masu takardun karatu ba ka ji maganar fita waje ba, musamman tsakanin nas-nas da ungozomomi da likitoci da masu aikin kwamfuta. Neman halali a wata ƙasa ba laifi ba ne. Kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja, iyayenmu sun yi cirani a Kurmi. Bambancin kawai, ayarin da yana da madugu wanda ya san hanya da mashaya, yau kuwa madugun wata lambar waya ce da ba a taɓa ganin fuskar mai ita ba.

Yadda bizar take

Bizar ƙwararrun ma'aikata ta Birtaniya ta fara aiki a sigarta ta yanzu a Disambar 2020, lokacin da ƙasar ke kammala ficewa daga Tarayyar Turai. Ginshiƙinta ɗaya ne: sai wani kamfani ko asibiti mai lasisi daga Ma'aikatar Cikin Gida ta ƙasar ya ɗauke ka aiki, sannan ya ba ka shaidar ɗaukar nauyi, wadda masu harkar ke kira CoS. Wannan shaida ba takarda ba ce mai hatimi da ake aikowa ta waya. Bayani ne da ake shigarwa a kwamfutar gwamnati, a ba ka lambarsa, ka yi amfani da ita wajen cike fom ɗin biza cikin wata uku.

Kuma ba kayan sayarwa ba ce. Mai ɗaukar aiki shi ke biyan kuɗinta, an kuma hana shi ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi. Dokar ƙasar ta hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki don sun samo masa gurbi. Saboda haka duk wanda ya yanka maka farashin CoS, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Jerin sunayen duk masu lasisin ɗaukar nauyi yana nan a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, kyauta, ana kuma sabunta shi a kai a kai. Amma ganin suna a jerin bai wadatar ba, domin 'yan damfara ma sun iya karatu, sukan ɗauki sunan kamfanin gaske su liƙa a takardar jabu. Sai ka nemo lambar kamfanin ko adireshin imel ɗinsa daga shafinsa na ainihi, ba wanda dillali ya ba ka ba, ka tambaye su kai tsaye ko sun san da zamanka. Matambayi ba ya ɓata.

Doka na sauyawa kana cikin jira

Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne aiki da tsohon labari. A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe wa masu kula da tsofaffi da marasa ƙarfi ƙofar shiga da bizar ma'aikatan lafiya, saboda ƙarancin ma'aikata bayan annobar korona. 'Yan Najeriya da yawa suka tafi da iyalansu, labarinsu ya cika gari. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana sabbin masu wannan aiki tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya. A Afrilun shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata a yawancin ayyuka daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara. A Yulin 2025 ya koma fam 41,700, aka mayar da yawancin guraben sai aikin da ya kai matakin digiri, aka kuma rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Nas-nas da likitoci suna da nasu ma'aunin albashi daban, hanyarsu kuma tana nan. Ko shekara biyar ɗin da ake yi kafin neman izinin zama na dindindin, gwamnati ta kawo shawarar mayar da ita goma a Mayun 2025.

Ma'anar wannan ita ce, abokinka da ya tafi a 2022 yana iya ba ka shawara tsakani da Allah, amma shawarar ta kai ka ta baro. Hanyar da ya bi ta riga ta shafe. Duk abin da aka gaya maka, koma shafin gwamnati ka karanta da idonka, ka duba ranar da aka sabunta shi.

Akwai kuma abin da ma'aikatan lafiya ya kamata su sani. Najeriya, da Nijar da Ghana, suna cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a waɗannan ƙasashe. An yarda mutum ya nemi aiki da kansa kai tsaye. Idan wani ya buɗe ofis a garinku ya ce shi wakilin asibitocin gwamnatin Birtaniya ne yana ɗibar nas-nas, to da walakin, goro a miya.

Waɗanda suka isa, suka rasa tudun dafawa

Wani zai ce, ai in dai na shiga ƙasar, sauran mai sauƙi ne. A nan ne da yawa suka yi kuskure. Wannan biza a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki, kamar akuya da turke. Idan gwamnati ta soke lasisinsa, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisi sama da 470 a fannin kula da tsofaffi, kuma ma'aikata sama da 39,000 ne ke da alaƙa da waɗannan kamfanoni. Cikin irin waɗannan akwai waɗanda suka sauka daga jirgi suka tarar babu aikin, ko kuma aikin awa kaɗan ne a mako, wanda ko kuɗin haya ba zai biya ba. Mai irin wannan biza ba shi da damar karɓar yawancin tallafin gwamnati. Ga bashi a gida, ga kunyar dawowa hannu rabbana, sai mutum ya ƙare yana kwana a falon wani yana turo hotuna gida yana murmushi.

Haka kuma duk takardar ƙarya da aka cusa a cikin fom ɗinka, ko takardar banki ce, ko shaidar ƙwarewa, ko sakamakon jarrabawa, kai za a kama, ba dillali ba. Hukuncin yaudara yana iya kaiwa haramta maka shiga ƙasar har shekara 10. A 2023 hukumar rajistar nas-nas ta Birtaniya ta gano alamun maguɗi a wata cibiyar jarrabawa a Ibadan. Sakamakon cibiyar ya zama abin zargi, har waɗanda suka ci da guminsu sai da aka nemi su sake zama. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma idan ya rufta ba ya tantance mai laifi da maƙwabcinsa.

Jira na gaskiya da agogonsa

Wanda ya bi hanyar ƙwarai ma sai ya yi jira, amma ya kamata ya san inda jiran yake. Bayan an miƙa takardu an ɗauki hoton yatsu a Abuja ko Legas, yawanci mako uku ake ɗauka kafin a yanke hukunci, ko da yake yakan wuce haka idan ana ƙarin bincike. Doguwar tafiyar tana gabanin wannan: jarrabawar Turanci, tantance takardu, rajista, da neman aikin kansa. Nas, alal misali, sai ta ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ta ci jarrabawar kwamfuta ta CBT, ta samu tantancewa daga hukumar nas-nas da ungozomomi ta Najeriya, sannan bayan ta isa can ta zauna jarrabawar gwajin aiki ta OSCE kafin a ba ta cikakkiyar rajista.

Kowace takarda kuma tana da wa'adinta. Sakamakon jarrabawar Turanci shekara biyu yake yi. Shaidar gwajin tarin fuka, wadda dole sai a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, wata shida. CoS wata uku. Kuɗin riƙe kai, fam 1,270, sai ya kwana 28 a jere a asusunka, sai dai in mai ɗaukar aikin ya rubuta cewa ya ɗauki wannan nauyi. Wanda ya yi azarɓaɓin gwajin tarin fuka tun bai samu aiki ba, zai biya sau biyu. A sami littafi a rubuta ranar da kowace takarda za ta mutu, a jera su bi da bi.

A yi lissafin kuɗi da fam, kada a yi da naira. Kafin tsakiyar 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin hukuma, daga baya ya haura naira 2,000. Wanda ba ma'aikacin lafiya ba zai biya harajin kiwon lafiya na fam 1,035 kan kowace shekarar bizarsa, kuma a dunƙule ake biya tun kafin tafiya, wato fam 3,105 na shekara uku, ban da kuɗin bizar da na jirgi. Albashin da ke sa ido ya rufe idan an juya shi zuwa naira, a can za a ci shi: a cire haraji, a biya haya, a biya wuta da gas na ɗumama ɗaki a lokacin hunturu. Abin da ya saura shi ne ainihin albashinka, kuma da shi za ka yi wa 'yan gida alkawari.

Abin yi kafin ta fito

Babbar shawara ita ce kada ka ajiye aikinka sai an ba ka bizar. Takardar tayin aiki ba biza ba ce, CoS ma ba biza ba ce. Kada a sayar da gona ko fili ko gida, kada a cire yara daga makaranta, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Ci gaba da zuwa aiki ma riba ce, domin masu ɗauka suna duba ƙwarewa ta kwanan nan, kuma shugabanka na yau shi za a tuntuɓa ya ba da shaida a kanka. Wanda ya fara sakaci da aiki yana cewa "ai mun kusa tafiya" yana sare reshen da yake zaune a kai.

A rage yayatawa. Da zarar unguwa ta fara kiran mutum "ɗan Landan", kunya za ta hana shi ja da baya ko da ya ga rami a gabansa, kuma da wannan kunyar dillalai ke cin kasuwa. A zauna da iyali a yi magana ta gaskiya: wa zai kula da iyaye, shekara nawa za a yi, idan ba a samu ba me za a yi. A karanta kwantiragin aiki layi-layi, musamman wurin da ya ce nawa za ka mayar idan ka bar aikin kafin wa'adi. Kada a bar wa kowa asalin fasfo ko asalin takardun makaranta. Idan kuwa an riga an faɗa hannun mazambata, a adana rasit da saƙonni da lambar asusun da aka tura kuɗi, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Shirun wanda aka cuta shi ke buɗe wa ɗan damfara ƙofar gida na gaba.

Ɗan yayata bai biya ba. A gabana ya tura wa dillalin saƙo cewa yana son sunan kamfanin da lambar lasisinsa kafin ya tura ko sisi. Amsar farko faɗa ce, wai ba a yarda da shi ba alhali taimako yake yi. Kafin la'asar lambar ta daina shiga. Filin yana nan, an ma shuka masa gyaɗa da damina. Takardar ajiye aikin kuwa ya yayyaga ta, ya koma asibiti ranar Litinin, da yamma yana zuwa darasin Turanci. Ko zai tafi ko ba zai tafi ba, wannan na Allah ne. Amma in tafiyar ta zo, zai fita ta ƙofar gida da rana tsaka, kuma in ya waiwayo akwai inda zai dawo.