Me ya sa tulunmu ke fitowa kamar faifai? Koyon zane da sa inuwa a Daura

Duk wanda ya taɓa zama a ajin zane a ƙaramar sakandare ya san wannan abin kunyar. Malam zai ɗora tulu a kan tebur ya ce a zana. Mu duƙufa, mu yi ta gogewa da kilina har takarda ta kusa hujewa, a ƙarshe mu miƙa abin da ya fi kama da faifai mai wuya. Siffar ta fito, bakin ma ya fito, amma tulun ya shafe a takarda, ba ciki ba baya. Mu ma mun sha wannan lokacin da muke sakandare a nan Daura, kuma da yawa daga cikin abokanmu tun daga ranar suka yanke wa kansu hukunci cewa zane baiwa ce da ba a ba su ba. Suka ajiye fensir, ba su sake waiwayarsa ba.

Sai daga baya muka gane cewa hannunmu ba shi da laifi, idonmu ne bai koyi kallo ba. Tulun da ke cikin kanmu muke zanawa, na kan teburin kuwa sau ɗaya ko sau biyu muke ɗaga kai mu dube shi. Abin da ke ba tulu jiki a takarda shi ne yadda haske ke sauka a kansa da yadda duhu ke bin bayansa. Wannan kuwa abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon lissafi, kuma garinmu cike yake da abubuwan da za mu koya a kansu.

Kayan aiki

Kada rashin kuɗi ya zama hujja. Fensir biyu sun isa a fara: HB da 2B. Wanda ya samu 4B ko 6B ya ƙara da shi. Bakin fensir haɗi ne na wani ma'adini mai suna girafait da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da ita a 1795. Idan yumɓu ya yi yawa fensir zai yi tauri, rubutunsa ya yi haske, shi ne mai harafin H. Idan girafait ya fi yawa zai yi laushi da baƙi, shi ne mai harafin B, kuma lambar na ƙaruwa baƙin na ƙaruwa. Sai reza ta fiƙewa, da kilina, da farar takarda marar layi. Gawayin murhu ma yana aiki sosai, musamman na siririn ice mai laushi. Ai da gawayi da ƙaro ake haɗa tawadar da muka yi rubutu da ita a makarantar allo.

Riƙon fensir ma yana da muhimmanci. In za mu sa inuwa, mu riƙe shi daga can baya, a kwance, yadda gefen bakinsa ne zai riƙa shafar takarda. Riƙon rubutu yana sa mu danna da ƙarfi, kuma layin da aka danna ba ya goguwa.

Tsanin duhu

Kafin mu taɓa tulu, mu zana akwatuna biyar a jere. Na farko a bar shi fari. Na biyar a cika shi da baƙi iyakar abin da fensir zai iya bayarwa. Ukun tsakiya kowanne ya ɗara na bayansa duhu, daidai wa daida, kamar matakan tsani. Yana da sauƙin faɗa, amma a gwajin farko yawancinmu za mu ga na biyu da na uku da na huɗu sun zama abu ɗaya. Wannan ita ce cutar masu koyo: tsoron baƙi. Muna tsayawa a toka-toka, zanen ya fito kamar an wanke shi. Wanda ya iya matakai biyar sai ya gwada tara.

Akwai hanyoyi huɗu na cika waɗannan akwatuna. Akwai jera layuka kusa da juna, akwai gitta wasu layukan a kan na farko, akwai ɗige-ɗige, akwai kuma murzawa da auduga ko takardar da aka naɗe ta yi tsini. Mu rage murzawa da yatsa, domin maiƙon fata yana ɓata takarda. Duhu kuma a hankali ake gina shi, shafi a kan shafi.

Abubuwa biyar a jikin tulu

Yanzu mu ɗauko tulu, ko ƙwarya a kife, ko ƙwan zabo, mu ajiye a ɗakin da haske ke shigowa ta taga ɗaya kawai. Da dare tocila ma ta isa. Mu ƙanƙance ido har ƙananan abubuwa su ɓace, ya rage haske da duhu kaɗai. Za mu ga wurare biyar.

Na farko shi ne wurin ƙyalli, inda haske ya fi bugawa. Wannan farar takarda ake bari. Na biyu shi ne tsaka-tsaki, inda jikin tulun ya fara juya wa haske baya. Na uku shi ne cibiyar duhu, wurin da ya fi duhu a jikin tulun. Abin mamaki, ba a can bakin gefe take ba, tana ɗan ciki. Dalili shi ne na huɗu, wato hasken da ke dawowa: hasken da ya sauka a ƙasa ko a bango yana tashi ya haska gefen tulun da ke cikin duhu. Masu koyo kan manta da shi, ko kuma su yi masa fari da yawa, alhali bai kamata ya kai hasken ɓangaren da ke fuskantar taga ba. Na biyar ita ce inuwar da tulun ya jefa a ƙasa. Ta fi baƙi da kaifi daidai gindinsa, tana nisa tana laushi. Idan babu ita, tulun zai zama kamar yana shawagi a iska.

Wani kuskuren kuma yana bakin tulu. Mun san zagayayye ne, sai mu zana da'ira. Amma daga inda muke zaune siffar ƙwai a kwance ido ke gani. Don kauce wa irin wannan, mu miƙe hannu sosai da fensir, mu rufe ido ɗaya, mu auna tsawo da faɗin abin da babban yatsa, sannan mu kwatanta a takarda.

Ranar Daura malama ce

Daura tana kusan digiri 13 arewa da layin Ikwaita, don haka da tsakar rana hasken daga sama yake saukowa. Wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta rana kan bi daidai tsakiyar kanmu, har inuwar sandar da aka kafa a tsaye ta kusa ɓacewa. Wannan ba lokacin koyon inuwa ba ne. Mu fita da hantsi ko bayan La'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, inuwa ta yi tsawo. A lokacin hunturu kuma hazo yana tausasa haske, gefen inuwa ya daina kaifi. Wanda ya zana bishiyar kuka ɗaya a watan Janairu ya sake zana ta a watan Afrilu zai ga bambancin da idonsa.

Mu zaga tsofaffin unguwannin cikin gari, wajen fadar Sarki da hanyar rijiyar Kusugu, mu duba gine-ginen ƙasa da suka rage. Zankwayen da ke kan soro suna koya mana yadda inuwa ke bin abu mai tsini. Ƙofar zaure tana koya mana baƙi na gaske, domin daga waje cikinta ne wuri mafi duhu a duk ginin. Adon da magina ke yi da taɓo a fuskar gida kuwa launinsa ɗaya ne da bangon idan ba a yi masa fenti ba, inuwa ce kaɗai ke fito da shi. Da tsakar rana da ƙyar ake ganinsa, da yamma sai ya tashi raɗau. Maginan da suka yi shi sun san aikin haske tun kafin a kawo darasin zane makaranta.

Lokacin Sallar Gani, wadda ake yi a watan Rabi'ul Awwal, akwai wani darasin. Mu lura da rawani da babbar riga. Kowane ninki na yadi ɗan ƙaramin tulu ne: yana da wurin haske, da tsaka-tsaki, da duhu. A gida za mu iya rataya farin mayafi a ƙusa mu zana shi. Mu kuma lura da kayan dogarai, ja da kore. A ido launuka biyu ne mabambanta, amma idan aka ɗauki hotonsu da waya aka mayar da shi baƙi da fari, sau da yawa duhunsu kan yi kusa da juna. Mai zanen fensir duhun launi yake tambaya, ba sunansa ba.

Kwafar hoton waya

Yawancinmu daga hotunan waya muke kwafa, kuma hakan yana koyar da wani abu. Sai dai kyamara ta riga ta yi mana rabin aikin, ta mayar da abu mai jiki shafaffe. Wanda ya saba da haka, ranar da aka ajiye masa buta a gabansa sai ya rikice. Shawararmu ita ce, a duk zane uku, biyu su zama daga abin da ke gabanmu.

Muna kuma ganin masu zanen da aikinsu ke kama da hoto a intanet, gwiwarmu ta yi sanyi. A watan Yulin 2018 wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana Shugaban Faransa Emmanuel Macron cikin kimanin awa biyu lokacin da ya ziyarci Legas, labarin ya zaga duniya. Abin da kyamara ba ta nuna ba shi ne shekarun da yaron ya yi yana koyo kafin wannan dare. Mu kwatanta zanenmu na yau da namu na watan jiya, shi ne ma'aunin da zai amfane mu.

Idan an hana mu a gida

Wasunmu iyaye kan hana su zane saboda addini, kuma bai kamata mu yi musu da su ko mu ɓoye ba. Malamai suna da maganganu a kan zana abu mai rai, wanda ke son bayani ya tambayi malaminsa na Islamiyya. Amma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa zana bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Duk darussan da muka lissafa a sama ana iya yin su da tulu, da bishiya, da gini, da yadi. Ga kuma zayyanar allo, da dagin Arewa, da aska takwas ta babbar riga, duk gadonmu ne. Mu nuna wa Baba da Inna littafin zanenmu, su ga abin da ke ciki.

Ina amfaninsa?

Zane darasi ne da ake rubutawa a WAEC da NECO. Mai son zama mai tsara gine-gine, ko injiniya, ko tela, ko mai rubuta allunan talla, ko mai tsara bangon littafi a kwamfuta, duk zai buƙaci idon da ya iya auna siffa da haske. Gargaɗi ɗaya ga 'yan ajin kimiyya: a jarrabawar aikin hannu ta Bayoloji ba a sa wa zane inuwa, layi mai tsabta da sunayen sassa ake so. Kada a je a yi gwaninta a rasa maki.

Wanda kuma ke son zurfafawa, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen koyar da zane da ya yi suna a duk Najeriya. A can Zariyar ne a 1958, tun kafin kwalejin ta zama jami'a, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane. Manufarsu ita ce su karɓi dabarun da Turawa ke koya musu, su haɗa da fasahar da suka gada a gida. Shekarunsu a lokacin ba su fi namu da yawa ba.

Shirin mako huɗu

Ga abin da muke so ƙannenmu su gwada, minti 20 kullum. Makon farko, tsanin duhu da hanyoyi huɗu na cika shi. Mako na biyu, ƙwai ko ƙwarya ɗaya, ana sauya wurin tocila kowace rana. Mako na uku, abubuwa uku tare, kamar buta da kofi da lemo, a lura da yadda ɗaya ke jefa inuwa a kan ɗaya. Mako na huɗu, a fita waje bayan La'asar a zana ƙofar gida ko bishiya. A rubuta kwanan wata a bayan kowane zane, kuma kada a yaga ko ɗaya, komai muninsa.

Ranar da aka cika kwana 28, a sake ɗora tulun nan a kan tebur a zana shi, sannan a ajiye shi kusa da na ranar farko. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya kammala ya kai wa malamin zane na makarantarsu ya duba masa, ya kuma aiko wa wannan shafi da zanen biyu tare da sunan makarantarsa da ajinsa.