Shiriya, Shiri Da Shiryawa: Darasin Da Gulbin Kabi Ya Bar Mana

Duk lokacin da wata fitina ta taso a ƙasar nan, ko tsakanin manomi da makiyayi, ko a kan kujerar sarauta, ko a cikin gida tsakanin 'yan'uwa wajen rabon gado, abu na farko da ake ji a bakin manya shi ne a duƙufa da addu'a. Kiran daidai ne, babu mai imanin da zai ja da shi. Sai dai idan mai karatu ya kasa kunne ya saurari abin da ake roƙo, zai tarar yawancinmu mun riga mun yanke hukunci tun kafin mu ɗaga hannu. Mun san mai laifi, mun san abin da ya dace da shi, abin da ya rage kawai shi ne Ubangiji Ya zartar mana. Shi ya sa "Allah Ya isa" ta fi "Allah Ya shirye mu" saurin fita daga bakinmu. Mai faɗin ta farko ƙara ya kai. Mai faɗin ta biyu kuwa ya yarda cewa shi kansa yana iya ɓacewa a hanya.

Harshen Hausa ya adana wata hikima a kan wannan batu wadda muke furtawa kullum ba tare da mun lura ba. Dubi kalmar "shirya". Idan uba ya ce Allah Ya shirya masa zuri'a, shiriya yake nufi, wato a ɗora su a kan hanya madaidaiciya. Idan aka ce matafiyi ya shirya, ana nufin ya ɗaure kayansa, ya tanadi guzuri. Idan kuwa aka ce wane da wane sun shirya, to sun daina gaba ke nan, kamar yadda "ba sa shiri" ke nufin ba su jituwa. Saiwa ɗaya ce ta fitar da rassan nan uku, domin a tunanin Bahaushe duka aiki ɗaya ne: jera abubuwa kowanne a mazauninsa. Saboda haka wanda ya roƙi shiriya a tsakiyar rikici ya san cewa amsar tana iya zuwa masa a siffar shiryawa da wanda ba ya ƙaunar gani, kuma tana iya ɗora masa nauyin shiri mai wahala.

Addini ya tanadar wa wannan hali hanyarsa, wato istihara. Kalmar Larabci ce, kuma saiwarta ɗaya da kalmar da muka ara muka mayar da ita "alheri". Ma'anarta neman a zaɓa wa mutum abin da ya fi alheri. Buhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) yana koya wa sahabbai ita a kan dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu surar Alƙur'ani. Mutum ya yi nafila raka'a biyu, ya amsa cewa Allah ne masani shi kuwa bai sani ba, ya roƙi a sauƙaƙe masa al'amarin idan alheri ne, a nesanta shi da shi idan sharri ne, sannan a sa masa yarda da abin da aka zaɓa. Amma a bakin Hausawan yau ma'anar kalmar ta ƙuntata. Ta koma abin da ake yi idan an tashi aure ko tafiya, sau da yawa ma sai a biya wani malami ya kwanta ya yi mafarki. Da wuya ka ji wanda zai kai ɗan'uwansa kotu, ko dagacin da zai tara matasa da makamai, ya ce bari ya yi istihara tukuna. Alhali a nan ne aka fi bukatarta, domin hukuncin da aka yanke cikin fushi shi ne ya fi tsada. Hadisi ingantacce ma ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, balle wanda shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙalin kansa.

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman misali. Ƙasar da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, a kwarin Gulbin Rima wanda mutanen wurin ke kira Gulbin Kabi, ta ga rikicin da ya kai kusan shekara ɗari, kuma ta ga hanyoyi dabam-dabam da aka bi wajen kashe shi.

A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga birnin. Abin lura shi ne halin da wanda ya ci nasarar ya shiga bayan haka. Cikin shekara biyu Malam Abdullahi ya ga yadda son mulki da dukiya suka fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. A Kano mutane suka tsayar da shi, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, daga baya ya komo. Nasara ba ta hana shi tuhumar ɓangarensa ba, kuma wannan shi ne matakin farko na neman shiriya.

Jarrabawa ta biyu ta same shi a cikin gida. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817 aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, sai tsakanin Bello da baffansa ya yi sanyi na wasu shekaru. Ana cikin haka tawayen Kalambaina ya matsa wa Gwandu, Bello ya taso da runduna ya kawo ɗauki, bayan ƙoƙarin da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya yi na kusanta su. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki domin ya gaida baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, shi ya rusuna ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Kowannensu yana da hujjar da zai tsaya a kanta, ɗaya da girma da ilmi, ɗaya da mubaya'a, amma kowanne ya yi gaggawar sauke tasa. Da sun riƙe, da daular ta tsage tun tana jaririya.

Rikicin Kabawa kuwa bai mutu da sauƙi haka ba. Bayan Hodi, Karari ya ci gaba da turjiya daga Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, da aka bar shi ya koma gida sai ya ɗaga tuta a 1849, shi ma ya faɗi a fagen fama a 1854. A 1860 Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a yaƙi da Kabawa. Ɓangarorin biyu masu salla ne, kowanne yana roƙon Allah nasara a kan ɗayan, kuma kowanne ya binne sarakunansa.

A 1867 ne Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, ɗan Shehu, ya yi abin da waɗanda suka gabace shi ba su yi ba. Ya ƙulla amana da Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ya amince da 'yancin Argungu, Kabawa suka riƙe garuruwan da suka ƙwato. Ita ce ake kira Lafiyar Toga. Ga mai kallon girman daula wannan ja da baya ne, amma talakan fadama ya sami shekara takwas yana noma yana su ba tare da fargabar hari ba. Lafiyar ta warware a 1875 saboda saɓani a kan garin Fanna, aka koma gidan jiya. Sarkin Kabi Sama'ila, ɗan Nabame, wanda ya hau a 1883, ya addabi garuruwan Gwandu, kuma rundunar da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu a farkon shekarun 1890 ta komo ba nasara. Ba a daina ba sai da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, suka ɗora ikonsu a kan kowa.

A nan ne darasin ya fi fitowa fili. Bindigar Bature ta tsayar da yaƙi, amma sai da aka ƙara shekara talatin da ɗaya kafin a shirya. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya masa gagarumin kamun kifi domin girmamawa. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a siffarsa ta yau, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban masu homa da gora da ke afkawa kogin Matan Fada suna raya ranar da wani babba ya yarda ya je gidan wanda kakanninsa suka yaƙa. Tun 1991 kuma Gwandu da Argungu suna jiha ɗaya, mai hedikwata a birnin da aka fara rikicin a kansa.

Wani zai ce wannan duk tarihi ne, kuma abin da ya addabi kwarin Rima a yau ba irin wanda ake kashewa da ziyara ba ne. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu, kuma a farkon 2025 kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Haƙiƙa ba a tarbar irin waɗannan da kifi. To amma mu tuna yadda suka sami wurin zama. Kamar yadda masu bincike da jaridu suka ruwaito, wasu al'ummomin Gudu da Tangaza a jihar Sakkwato ne suka fara karɓar su shekaru kaɗan kafin haka, domin su kare su daga ɓarayin shanu. Mutane ne da tsoro ya kai su bango, hukuma kuma ta yi musu nisa, saboda haka ba abin zargi ba ne a nan. Sai dai an gudu gara an faɗa zago. Abin da ya bayyana a matsayin mafita a daren farko shi ne ya zama masifa, kuma wannan shi ne ainihin abin da addu'ar istihara ke tunatar da mu, cewa ganinmu gajere ne.

Nan ne kuma ma'ana ta biyu ta "shirya" take shigowa. Neman shiriya ba naɗe hannu ba ne, Hausawa ma sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka. Al'ummar da ta roƙi tsari wajibi ne ta san baƙon da ya sauka a cikinta, ta kai rahoto da wuri, ta matsa wa zaɓaɓɓunta su kawo jami'an tsaro. Haka nan a fadama. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, ƙasar bakin gulbi ta ƙara daraja, kuma duk inda gona ta faɗaɗa, burtali da mashaya sukan matse. Hakimin da ya zaunar da arɗo da sarkin noma tun kafin girbi, aka shata inda shanu za su bi zuwa ruwa, ya yi wa ƙasarsa abin da alƙunutun wata guda bayan an zubar da jini ba zai maido ba.

Malamai sun haɗa istihara da shawara, kamar yadda Bahaushe ya ce shawara ɗaukar ɗaki. Sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira ya isa misali. Sharuɗɗansa sun yi wa sahabbai ɗaci har Sayyidina Umar ya kasa ɓoye damuwarsa, kuma shawarar Ummu Salama ce ta warware tsaikon da aka samu a ranar. Alƙur'ani ya kira wannan sulhu buɗi, bayan shekara biyu aka shiga Makka. Wanda aka yi wa wahayi ya saurari matarsa, to ina ga ɗan boko mai digiri da ke ganin neman shawara ƙasƙanci ne?

Wannan magana ta fi shafar mu masu karatun jarida, domin mu ne ke zama a kwamitocin sulhu, mu ke rubuta wa gwamnoni takardun shawara, mu ke riƙe da shari'un gado da ke cin shekaru a kotu har gidan da ake faɗa a kansa ya rushe. Kafin mu sa hannu a takardar ƙara, ko mu aika saƙon da zai raba zumunci, ya kamata mu bari fushin ya kwana, mu yi raka'a biyun nan da kanmu, mu tuntuɓi wanda ba ya tsoron gaya mana cewa mu ne da laifi. Idan bayan haka zuciya ta natsu a kan neman haƙƙi, to a nema ta hanyarsa, ba tare da ƙetare iyaka ba. Idan kuwa ta karkata ga sulhu, kada girman kai ya sa mu ce ba a amsa mana ba. Malam Abdullahi ya rusuna wa ɗan wansa, Sarkin Musulmi Hassan ya je Argungu, kuma babu wanda darajarsa ta ragu a cikinsu.

Allah Ya shirye mu, Ya shirya tsakaninmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.