Motar lantarki a Damargu: ina ya kamata bakin caji ya zauna?

Ranar kasuwa a karkarar Falanko, cikin gundumar Tanut, ba wuya a gane motar da za ta ƙauye. Hilux ce ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, an yi mata lodin buhunan hatsi har sun leƙo ta gefe, an ɗaure da igiya ta ko'ina, jarkoki na reto, fasinjoji na zaune bisa kaya ƙafafunsu a waje. A gaba kuma an yi mata waldar ƙaton ƙarfe saboda dabbobi. Duk mai son sanin ko motar lantarki za ta yi aiki a Damargu, wannan motar ya kamata ya fara dubawa, domin ita ce ke amsa tambayar da masu irin waɗannan motoci ke ta gardama a kai a Amurka da Turai: a wane wuri na jikin mota ya fi dacewa a sa bakin caji, wato ƴar ƙofar da ake soka wayar wuta?

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramar magana ce, tunda ba wanda ya taɓa fasa sayen mota don bakin tankinta na hagu ko na dama. Gaskiya ne, amma shan mai minti biyar ne, tiyon gidan mai kuma yana da tsawo. Motar lantarki kuwa takan yi rabin awa a na'ura mai sauri, ko ta kwana a jone idan wutar gida ce. Duk tsawon wannan lokaci waya na shimfiɗe tsakanin mota da bango, mutane da awaki da babura na wucewa, motar kuma ba za ta motsa ba sai an cire, domin haka aka ƙera ta. Wayar na'ura mai sauri tana da kauri da nauyi, wata ma har ruwan sanyaya ke zagayawa cikinta, kuma kowace mita da aka ƙara kuɗi ne na jan ƙarfe. Shi ya sa masu kafa tashoshi ba sa son doguwar waya.

Akwai kuma abin da ya shafi makanikai. A garejojin Damagaram da Tanut an saba gyara mota ta dace da daji: a ƙara mata tanki, a ƙara ƙarafan ɗaukar nauyi, a ɗaga ta sama. Bakin caji ba ya cikin abubuwan da ake yi wa haka. Bayansa akwai manyan wayoyi masu ɗauke da wutar da ta kai bolt 400, a wasu motocin ma 800, da na'urorin auna zafi, da makulli mai riƙe fulogi. Inda kamfani ya sa shi, nan zai zauna har motar ta mutu. Wanda ya zaɓi mota ya zaɓi wurin bakin ke nan.

Kamfanonin ba su yi ittifaki ba. Tesla na sa nasa a kusurwar baya ta hagu a dukkan motocinsa, ya kuma gina tashoshinsa da gajeren igiyar wuta, kimanin mita 2, don direba ya shiga da baya ya jona. Ford ya sa na F-150 Lightning, motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, a gefen hagu tsakanin tayar gaba da ƙofar direba. Rivian ya sa na R1T da R1S a kusurwar gaba ta hagu. Volkswagen ID.4 da Hyundai Ioniq 5 nasu na baya ta dama, BYD Atto 3 na ƙasar Sin kuma a gefen gaba ta dama. Ba a ga illar wannan bambanci sosai ba sai a 2024, lokacin da Tesla ya buɗe tashoshinsa na Amurka ga motocin Ford da Rivian. Wayar ba ta kai bakin cajinsu idan sun tsaya daidai, sai direba ya tare wurin mota biyu don ya yi caji, masu jiran layi na hararar sa. Rivian ya nuna sabuwar motarsa R2 a watan Maris na 2024 da baki a baya ta dama, daga baya ya mayar da shi baya ta hagu, inda na Tesla yake. Ke nan a can tashar ce ta tilasta wa mota. Damargu bai gaji tashar kowa ba, don haka hanya da kaya ne ya kamata su yanke hukunci.

A fara da hancin mota. Nan Nissan Leaf ya fara sa nasa a 2010, haka ma Renault Zoe da Hyundai Kona. Kona ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: ita ce aka harhaɗa a Legas, kuma a 2021 hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci a Najeriya ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya yi aiki a General Motors, wanda ya zana fasalin Chevrolet Volt. A harabar jami'a ko a titin birni baki a hanci yana da daɗi: mutum ya nufi na'ura kai tsaye ya tsaya, kowace waya za ta kai. A hanyar daji labari ya sha bamban. Hanci ne ke fara haɗuwa da ƙaya, da tsakuwar da motar gaba ke watsowa, da fara da ƙwari, da akuyar da ta tsallako ba zato. Ɗan karon da a motar gazuwal fitila kawai zai fasa, a nan yana iya hana mota shan wuta gaba ɗaya, ta zauna sai an kawo kayan gyara daga waje. Ƙarfen kariyar da direbobi ke waldawa a gaba kuma shi kansa zai rufe ƙofar bakin. Ga motar da za ta yi Belbeji da Tanut, hanci ya fita daga lissafi.

Baya fa? Ga motar iyali mai rufaffen baya da ke yawo cikin gari, babu laifi. Ga motar lodi kuwa, a koma kan waccan ta kasuwar Falanko. Gefen akwatin baya shi ne inda buhu ke leƙowa, inda ake zarga igiya, inda ake rataya jarka da tayar safaya, inda dugadugan fasinja ke bugawa tun daga tasha har ƙauye. Direban da ya tsaya caji a tsakiyar tafiya ba zai sauke lodi don ya buɗe ƴar ƙofa ba, kuma idan yaron mota ya ja igiya ta bi ta kan murfin roba, kwana nawa murfin zai yi? Sai ƙura. Duk wanda ya taɓa bin hanyar rairayi ya san bayan mota ne ke fin ko'ina yin buɗu-buɗu, saboda iskar da mota ta keta tana juyowa a bayanta ta manna ƙurar da tayoyi suka tayar. Idan kuma ana jan tirela ko tankin ruwa, shiga da baya wajen na'ura ba ya yiwuwa sai an kwance abin da ake ja. A Amurka ma masu jan tirela da wannan suke kuka.

Abin da ya rage shi ne gefen gaba, sama da taya, dab da ƙofa, inda Ford ya sa na Lightning, inda kuma na Volt yake. Lodi ba ya kaiwa nan. Ƙarfen gaba ba ya rufe shi. Karo na gaba ko na baya ba kasafai yake taɓa shi ba. Yana can sama, nesa da ruwan ƙoramar da ake tsallakawa da damina da kuma rairayin da mota ke nutsewa ciki da rani. Mota na iya zuwa da gabanta, tirela na biye, ta yi caji ba a kwance komai ba. Wurin yana da nasa aibi: tayar gaba na watsa laka a ƙasan gefen, don haka bakin da aka sa ƙasa-ƙasa bai tsira ba, kuma waya kan gitta inda direba ke fita. Amma idan aka auna da na hanci da na baya, wannan aibin mai sauƙi ne.

Maganar hagu ko dama ba ta kai waccan nauyi ba, ko da yake a kanta Turawa suka fi ɓata lokaci. A Nijar da Najeriya ana tuƙi ta hannun dama, sitiyari na hagu. Baki a hagu yana kusa da direba, yana ganinsa da ya fito, ba ya mantawa da murfi a buɗe. Baki a dama kuma yana fuskantar gefen hanya idan an tsaya bakin titi, waya ba ta shiga inda kabu-kabu da amalanke ke wucewa. Motar da za ta riƙa kwana cikin gida ko harabar ma'aikata, hagu ya fi mata. Wadda za ta riƙa shan wuta gaban shago a bakin kwaltar Tanut, dama ya fi. Audi ya ba masu sayen e-tron zaɓin baki biyu, ɗaya kowane gefe, Porsche Taycan ma biyu gare ta, sai dai waɗannan ba motocin buhun gero ba ne.

Murfin kansa abin dubawa ne. Tesla da Rivian suna amfani da ƙofar da ƙaramin inji ke buɗewa da kansa. Abin sha'awa ne a wurin baje koli, amma da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin kwanon da aka rufe, murfin da ake dannawa da hannu, mai robar toshewa a ciki, shi ya fi kwanciyar hankali. Ƙura a cikin baki ba ƙazanta kawai ba ce. Idan ta kwanta kan ƙarafan da wuta ke bi, haɗuwarsu da fulogi ba ta yin kyau, wurin ya yi zafi, na'ura ta rage ƙarfin caji don kare kanta. A bazarar Damargu, da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ba a buƙatar ƙarin wani zafi. Rumfa a kan wurin caji na cikin kayan aiki.

Kafin wurin baki ma, dillalin da zai yi odar mota ya fara tambayar irin bakin. Turai na amfani da CCS2, Sin na da GB/T, Amurka ta karkata ga NACS na Tesla, tsofaffin motocin Japan kuma CHAdeMO. Fulogin wannan ba ya shiga bakin wancan sai da mahaɗi, mahaɗin na caji mai sauri kuma yana da tsada da nauyi, yana kuma ƙara tsawon abin da ke leƙowa daga jikin mota. Ƙasar da motocinta ke shigowa na hannu daga ko'ina, kamar yadda aka saba da ƴan Kwatano, za ta tara duka huɗun a tasha ɗaya idan hukuma ba ta tsayar da guda ba.

Wani zai ce me ya kawo wannan magana a gundumar da matatar SORAZ take, wadda tun 2011 ke tace gangar mai har 20,000 a rana kusa da Bakin Birji? Ba gobe motar lantarki za ta kori Hilux daga hanyar Damagaram zuwa Agadas ba. Lightning ta kusa tan 3, nauyin da rairayi ba ya so, kuma jan kaya mai nauyi kan cinye kusan rabin tafiyar da batir ke yi. Wutar ma sai an lissafa: babban batirin Lightning na ɗaukar kilowat-awa 131, soket ɗin gida mai bolt 220 kuma ba ya ba da fiye da kilowat 2 da ɗoriya, ke nan sama da kwana biyu kafin ya cika, in har wutar NIGELEC ba ta ɗauke ba. Mazauna Damagaram da Maraɗi ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa. Amma rana ba ta yankewa a Damargu, Habasha kuma tun 2024 ta hana shigo da motocin da ba na lantarki ba, alamar inda kasuwar motoci ta dosa a nahiyar. Waɗanda za su fara kawo irin waɗannan motoci yankin su ne ma'aikatu, ƙungiyoyin agaji da manyan ƴan kasuwa, kuma su ne za su kafa wuraren caji na farko da faifan sola.

A nan ne kuskuren Amurka ke da amfani. Wanda zai kafa na'ura a Tanut, kimanin kilomita 150 daga Damagaram, ko a Belbeji, kada ya manna ta jikin bango a ƙarshen wurin ajiye mota. Ya dasa ta a tsakiya kamar famfon gidan mai, mota ta iya bi ta hagu ko ta dama ta wuce gaba ba tare da ta ja da baya ba. Wayar ta kai mita 5 ko fiye, tunda daga hanci zuwa wutsiya babbar motar lodi ta kusa mita 6, a kuma rataye ta sama da ƙugiya don kada ta riƙa jan ƙasa, fulogin ya cika da yashi kafin a soka shi.