Asalin sunan Asma'u da ma'anarsa

Tambaya: An yi mini haihuwar 'ya mace a Tambuwal, ina son sa mata Asma'u, sai wani ya ce bai halatta ba don sunayen Allah ne. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Allah ya raya ta bisa Sunna. Ka sa mata sunan, babu laifi.

Malaman lugga sun yi saɓani a kan asalinsa. Wasu suka ce jam'in "ismu" ne, wato sunaye. Wasu kuma suka ce daga "Wasma'u" ya fito, ma'ana kyakkyawar mace, aka mayar da wawun alifi. Wannan na biyu ya fi kwanta mini, don ya fi dacewa da sunan mutum ɗaya.

Hujjarka ita ce sahabbai mata sun amsa shi a gaban Annabi (SAW), bai canza musu ba, alhali yana canza munanan sunaye. Akwai Asma'u 'yar Abubakar, wadda ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Hijira, mahaifiyar Abdullahi ɗan Zubairu, ta rasu a Makka shekara ta 73 bayan Hijira. Akwai Asma'u 'yar Umais, matar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib.

Kai da kake Tambuwal ma ba ka buƙatar nisa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sa wa 'yarsa wannan suna, duk da tagwaye ce da Hassan, ana zaton Husaina za a ce. Ita ce Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), mai 'Yan Taru, 'yar'uwar Buhari ɗan Shehu wanda ya riƙe garinku.

Turkawa kan ce Esma, a Malesiya Asmah, a Nijar da Kamaru ana rubuta Asmaou saboda Faransanci, a gida kuma mu ce Ma'u.

Inda mai maganar ya rikice shi ne laƙabin Husna da ake yi wa masu sunan. "Asma'ul Husna" a haɗe sifa ce ta sunayen Allah, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf, aya ta 180, don haka ka bar haɗa su a takardar haihuwa. Asma'u ita kaɗai, ko Husna ita kaɗai, duk ya halatta.

Allah ne mafi sani.